Kwana Bakwai da Kaneng Ta Tsara wa Eli

A unguwar Ladywood ta Birmingham, a hawa na tara na wani dogon benen council, wato na hukumar gari, akwai wata mata da kowa ke kira Maman Eli. Ainihin sunanta Kaneng, 'yar Vom ce kusa da Jos. Ta zo Ingila a 1994, ta biyo mijinta Tomas wanda ya sami aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, tana riƙe da hannun ɗansu Eli mai shekara huɗu. A nan ta haifi 'yarta Margaret, a nan kuma ta binne Tomas. Shekara goma sha huɗu ta yi tana tuƙa ƙaramar bas ta wata makarantar yara masu nakasa, ta kwaso su da safe, ta mayar da su da yamma. Ba ta taɓa gogar motar kowa ba, kuma ba ta jin kunyar faɗa.

Eli ya girma ya zama ƙaton mutum, ya fi ubansa tsayi da faɗi, amma bai taɓa fita shi kaɗai ba. Likitoci sun ce autism ne. Ita dai cewa take haka Allah ya ba ta shi. Maganarsa kaɗan ce, da Turancin Birmingham, ko da yake duk Hausar da za ta yi masa yana ji. Ba ya son hayaniya, ba ya son a taɓa shi ba shiri, shinkafa da wake yake ci kullum a faranti ɗaya mai ruwan ɗorawa. Kwana biyar a mako yana zuwa wata cibiya ta council inda irinsa ke wuni. Ta kan ajiye shi a ƙofar wurin kafin ta wuce aiki, ta ɗauko shi ƙarfe biyar. Haka rayuwarsu ta tsayu.

Zancen Iceland kuwa ya shigo gidan ne a 2010. Tomas ya tafi gida jana'izar mahaifiyarsa, sai wani dutse a can tsibirin ya yi aman wuta, toka ta cika sama, jirage suka daina tashi. Kwana da kwanaki Eli na tsaye bakin ƙofa yana jiran ubansa. Da ta rasa yadda za ta yi masa bayani, sai ta ja shi gaban talabijin ta nuna masa taswirar da ake ta haskawa, ta ce, “Ka ga wurin nan? Shi ne ya riƙe Baba.” Tomas ya dawo, amma Eli bai bar tsibirin ba. Wata ma'aikaciyar cibiyar ta saya masa babbar taswira, ya haddace hanyar da ta kewaye ƙasar, gari bayan gari, har da gadoji. Shekara biyu bayan nan, da zuciyar Tomas ta tsaya a wurin aiki, Eli bai yi kuka ba. Mako guda ya yi yana zaune a ƙasa yana jera sunayen garuruwan nan daga safe har yamma, in ya kai ƙarshe ya sake daga farko.

A watan Oktoba na 2016 takarda ta zo. Za a rufe cibiyar a ƙarshen Maris. An kira iyaye taro a wani zaure mai sanyi, wani matashi da kwat ya yi ta maimaita cewa ba rufewa ba ce, sauyin tsari ne, kowa zai sami taimakon da ya dace da shi a gida. Wata tsohuwar Baturiya mai shekara kusan tamanin ta miƙe ta tambaye shi wa zai ɗaga mata 'yarta daga bahon wanka. Ya ce za a duba. Kaneng ta riga ta ga an rufe wurin wasan matasa na ƙasan benensu, ta ga laburaren unguwa ya koma buɗewa kwana uku a mako, ta san in takarda ta zo magana ta ƙare.

Da ta koma gida ta kira Margaret, wadda a lokacin take shekara ta biyu a jami'a a Manchester, tana karatun aikin jinya, tana zaune da wasu 'yan mata huɗu a wani gida a unguwar Fallowfield.

“Zan kai shi Iceland,” in ji Kaneng.

Margaret ta ce, “Mama, Eli ko Coventry da ke kusa da ku bai taɓa kwana ba.”

“Na sani.”

“To ina zai kwana? Hotel? Kin san abin da ya faru a bikin Anti.”

“Ba hotel ba. Akwai mota mai gado da murhu a ciki, camper suke ce mata. Ana ba da haya a bakin filin jirgi. Gado ɗaya zai kwana har kwana bakwai, da bargonsa, da farantinsa. Ni zan dafa, ni zan tuƙa. Ke dai ki zauna kusa da shi a baya.”

“Me ya sa yanzu?”

“Shekara takwas yana zuwa cibiyar nan, Magi. Ran da aka rufe, zai tashi da safe ya sa takalmi, ba ni da abin da zan ce masa. Ina so in sami wani abu da zan nuna masa a kalanda.”

Daga nan ta shiga shiri kamar mai shirin aurar da 'ya. Ranakun da laburare ke buɗe, tsakanin aikin safe da na yamma, ta kan je ta zauna gaban kwamfuta da littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ba ta da saurin karatun Turanci, amma ba ta tsallake layi. Ta gano cewa hanyar da ta kewaye tsibirin ta haura kilomita dubu da ɗari uku, ta raba ta gida bakwai, ta sake rabawa, don Eli ba ya iya wuce awa biyu a mota bai sauka ba. Ta gano cewa ba a yarda mai irin wannan mota ya kwana inda ya ga dama ba, sai a filayen da aka keɓe, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana neman wanda ba shi da cinkoso, wanda banɗakinsa ba shi da na'urar busar da hannu, domin ƙarar na'urar nan na sa Eli ya toshe kunne ya durƙushe. Wasu ta rubuta musu ta tambaya. Biyu suka amsa.

Ta karanta cewa iskar can na iya fizge ƙofar mota daga hannun mutum, cewa akwai gadoji masu ɗaukar mota ɗaya tak, cewa tumaki na kwanciya a tsakiyar titi. Wannan bai dame ta ba. Wadda ta yi shekaru tana ratsa Birmingham da yara goma sha biyu a baya, wani na ihu wani na amai, tunkiya ba za ta ba ta tsoro ba. Abin da ya tsaya mata shi ne rana, don an ce a watan Yuni kusan ba ta faɗuwa, Eli kuma ba ya barci sai da duhu. Ta sayo baƙin yadi mai kauri a kasuwa, ta nemi awon tagogin motar, ta ɗinka labule shida da kekenta.

Shi kuwa Eli, ran da ta buɗe kalanda ta zana masa da'ira a kan Litinin ta biyu ta watan Yuni, ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗauko taswirarsa ya shimfiɗa a teburin cin abinci, ya ɗora yatsa. Ta rubuta Talata a Vik. Ya girgiza kai, ya nuna wata gada kafin garin, ya ce sai an tsaya a nan. Ta tambaye shi me ke wurin. Ya dai bar yatsan a wurin har sai da ta rubuta. Tun daga ranar, kowace yamma bayan cin abinci sai sun bi hanyar tare, shi yana faɗin sunaye, ita tana cewa, “Nan za mu dafa. Nan za ka yi wanka.” A shekara ashirin da shida da haihuwarsa, ba su taɓa yin hira mai tsawon wannan ba.

Daga Manchester jirgin zai tashi, don haka ta ga ya kamata ya saba da hanyar. Wata Asabar a watan Fabrairu suka hau babbar bas, Margaret za ta tarye su ta kai su inda ake tsayawa kallon jirage. Tafiyar ta yi kyau har suka sauka. A tashar Manchester ne ƙararrawar gobara ta kama kuwwa, wai gwaji ake. Eli ya saki hannunta ya ruga, ya bangaje wata mata da akwatinta, ya maƙale a lungu yana buga kansa da bango. Kafin Kaneng ta ratsa mutane, masu gadi biyu sun kayar da shi, ɗaya ya sa masa gwiwa a baya.

Ta iso tana cewa, “Ɗana ne, ba shi da lafiya, ku ɗaga shi,” ba su ko waiwaye ta ba. Sai da Margaret ta iso da gudu, ta yi musu magana da irin Turancinsu, ta nuna katin makarantar jinya, sannan suka sassauta. Leɓensa ya fashe, ya yi fitsari a wando. Mutane na tsaye suna ɗauka da waya.

A ɗakin Margaret na Fallowfield suka wanke shi, ya kwanta a ƙasa ya lulluɓe kansa da bargo. Margaret ta jingina da ƙofa.

“Mama, in wannan ya faru a airport fa? Can 'yan sanda ne masu bindiga.”

“Za mu saya masa abin toshe kunne. Za mu rubuta musu tun kafin mu je.”

“In ya faru a cikin jirgi fa?”

“To in zauna da shi a hawa na tara har in mutu?” Kaneng ta faɗa a hankali, don kada ya ji. “Ke kina da inda za ki. Shi wannan kaɗai ya taɓa nuna yana so.”

Da suka zo tafiya Margaret ta rako su har cikin bas, ta zauna da su har Birmingham.

An rufe cibiyar ran da aka ce. A maimakon kwana biyar, aka ba Eli mai kula na awa goma a mako, kuma kusan kullum sabuwar fuska ce, wani lokacin ma ba mai zuwa. Kaneng ta ajiye aikin yamma, ta riƙe na safe. Eli ya fara cizon hannunsa, abin da ya bari tun yana yaro. Ya kan sa takalmi ƙarfe bakwai ya tsaya a ƙofa. Sai ta kamo hannun rigarsa ta kai shi gaban kalanda, su ƙirga kwanakin da suka rage, sannan ya yarda ya cire takalmin.

Akwai wani makanike a unguwar Lozells, Malam Sunusi, mutumin Zariya, wanda ya zo karatu shekaru da yawa da suka wuce, karatun ya tsaya, ya koma gyaran mota. Shi ke duba mata tsohuwar motarta tun Tomas na da rai. Da ya ji labarin, ya ce akwai wata camper da mai ita ya bari a garejinsa, ta zo da Eli ya gwada. Lahadi uku a jere, bayan coci, suka je. Ta rataya labulenta, ta dafa shinkafa da wake a ɗan murhun, Eli ya ci a farantinsa, ya hau gadon ya kwanta. A Lahadi ta uku har barci ya ɗauke shi, da rana tsaka, ana ta buga ƙarfe a waje.

Malam Sunusi ya leƙa ya gan shi, ya ce, “Maman Eli, wannan ai ya riga ku isa.” Ta yi dariya. Ta daɗe ba ta yi ba.

Shi ne kuma ya fara lura. Da za ta fita da motarta daga garejin, ta wuce ta gogi wani durom da ke gefen hagu. Ya zo ya duba, ya ga gefen duk sababbin ƙuje ne, madubin ma an ɗaure shi da salatif.

“Yaushe rabon da a duba miki ido?”

“Idona lafiya lau. Gajiya ce.”

“Allah ya sa. Amma duk a gefe ɗaya suke.”

Ta san gaskiya ya faɗa. Tun kafin Kirsimeti mutane ke ɓullo mata daga hagu kamar daga ƙasa suka tsiro. Ta yi niyyar ta yi shiru sai an dawo daga tafiya, saura mako biyar kawai. Ta kwana biyu tana gaya wa kanta cewa can ba cinkoso, hanya ce miƙaƙƙiya, za ta riƙa juya kai. A rana ta uku, da safe, tana ɗauke da yara tara, ta zo shiga kwana, sai matar da ke rakiyar yaran ta ƙwalla ƙara. Ta taka burki. Wani mai keke ne, tayarsa ta gaba har ta shiga ƙarƙashin bas ɗin. Bai ji ciwo ba, ya tashi yana zagi. Kaneng ba ta gan shi ba sam, sai da ya miƙe a gaban gilashi.

Ta kai yaran makaranta, ta ajiye makulli a ofis, ta wuce wurin masu duba ido da ƙafa. Daga can aka tura ta asibiti. Hawan jinin ido ne, a duka biyun, na hagu ya ci fiye da rabi. Likitan ya ce magani zai iya tsayar da shi, amma abin da ya tafi ya tafi, kuma dole ta sanar da masu ba da lasin. Ta ce masa tana da tafiya a watan Yuni. Ya ce tana iya tafiya, tuƙi ne dai babu.

Ta nemi wanda zai tuƙa. Margaret ba ta da lasin. Malam Sunusi ya ce da zai iya da ya yi, amma takardunsa na zama suna hannun hukuma shekara biyu ke nan, in ya fita ba zai dawo ba. Fasto ya yi sanarwa a coci, mutum biyu suka nuna sha'awa, da suka ji za a kwana bakwai a mota ɗaya da Eli sai kowa ya tuna yana da aiki. Ta soke motar, ta soke jirgin.

Margaret ta zo daga Manchester don su gaya masa tare. Ta ce a ce masa an ɗaga ne zuwa baɗi.

“Ban taɓa yi masa ƙarya ba,” in ji Kaneng. “In na ce baɗi, zai ƙirga.”

Ta zauna gabansa ta ce, “Eli, idon Mama ya lalace. Ba zan iya tuƙi ba. Ba za mu je ba.” Ya ce Litinin. Ta ce babu. Ya sake cewa Litinin, ya kama hannunta yana ja zuwa kalanda, ta ƙi tashi. Bai san ƙarfinsa ba. Ta faɗo daga kujera, wuyan hannunta ya karye. Da ya ji ƙarar da ta yi sai ya koma kan kansa, ya yi ta buga goshi da gefen ƙofa har jini ya rufe masa fuska, Margaret ta kasa riƙe shi, dole ta kira motar asibiti.

A asibiti aka tambayi yadda hannun ya karye. Kaneng ta ce faɗuwa ta yi. Margaret, da ke tsaye a bayanta, ta ce, “Mama, ki yi haƙuri,” sannan ta faɗi abin da ya faru. Wata huɗu Kaneng ba ta ɗauki wayar Margaret ba.

Taimakon da aka kasa samu tun da aka rufe cibiyar sai ga shi an samu a mako biyu. Aka ce zamansa da ita akwai haɗari, aka nemo masa gado a wani gidan kula da irinsa. Babu gurbi a Birmingham, sai a wani ƙauye bayan Manchester. Ta ce ba ta yarda ba. Matar da ta zo da takardun ta dube ta, hannu a filasta, ido ɗaya a lumshe da magani, ta tambaye ta a hankali yadda za ta yi masa wanka gobe. Kaneng ta sa hannu da hagu.

Da shekara ta zagayo council suka ce gidanta mai ɗaki uku ya yi wa mutum ɗaya yawa. Ta koma ɗaki ɗaya a Lozells, a saman wani shagon kayan miya, ba nisa da garejin Malam Sunusi, wanda ya kwashe mata kaya bai karɓi komai ba. Ba inda Eli zai kwana in ya zo, don haka bai taɓa zuwa ba. Ta sami aikin wanke-wanke a kicin ɗin wata makaranta. Sun shirya da Margaret, ko da yake akwai maganar da har yau ba sa taɓawa.

Kowace Asabar tana fita ƙarfe shida, bas uku take hawa kafin ta isa, da kular shinkafa da wake a jaka. Ya yi ƙiba saboda magungunan da ake ba shi, maganarsa ta ƙara raguwa. Wata Asabar ya zauna kusa da ita ya ci, wata Asabar ya juya mata baya har lokacin tafiyarta ya yi. Ma'aikatan wurin suna sonta, sun ce ita kaɗai ce ba ta taɓa fashi ba, sun kuma roƙe ta ta daina wanke masa kaya a banɗaki, akwai inji. Ta ce to. Har yanzu tana wankewa.